Tayil Shida a Bakin Lifta

A ginin nan ba wanda ya san shi da wani suna sai Baba A-hankali, kuma shi ya jawo wa kansa. Duk wanda ya shigo da safe, babba ko ƙarami, kafin ya yi taku uku zai ji murya daga wani gefe tana cewa, "A hankali, da sauran laima." Shekara talatin da huɗu yana faɗin haka, har sunansa na gaskiya ya koma zama a cikin fayil.

Ginin bene ne mai hawa bakwai, cike da ofisoshin lauyoyi da masu inshora. Baba bai damu da abin da ake yi a sama ba. Nasa shi ne falon ƙasa, tun daga ƙofar gilashi har zuwa bakin lifta, daɓe ne na farar marmara mai jijiyoyi ruwan toka, tayil ɗari huɗu da tamanin. Ya san adadinsu don shi ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya daga bayan mota, lokacin yana lebura a wurin maginan da suka shimfiɗa su. Da aiki ya ƙare kowa ya kama gabansa, sai tsohon maginin ya ce wa masu ginin su bar wannan leburan ya riƙa kula da daɓen, tun da dai ya ga ba ya jan buhu a kai. Haka ya samu aikin, kuma bai sake neman wani ba.

Abin da tsohon ya koya masa bai fi a faɗa a cikin minti biyar ba, amma shi ya ci da shi har tsufa. Marmara dutse ne mai shan ruwa, duk da ƙyallin da ake gani. Yashin da ke ƙarƙashin takalmi shi ne babban maƙiyinta, don haka shara kafin ruwa, kullum. Bokiti biyu, ɗaya na sabulu mai sanyi, ɗaya na ɗauraya, kuma da ruwan ya fara sauya launi a zubar. Ba a barin daɓe ya bushe da kansa, sai an bi shi da busasshen tsumma. In mai ya zuba, a kwaɓa garin alli a shafa, a rufe da leda har washegari, allin zai tsotse shi. Sannan abu na ƙarshe, wanda tsohon ya maimaita sau uku yana nuna shi da yatsa: duk wani abu mai tsami, ko ruwan lemon tsami ne, kada ya kusanci dutsen nan, don ba datti yake ci ba, dutsen yake ci.

Baba ya ƙara nasa a kai. Ba ya aiki da takalmi. Yana isowa da ƙarfe shida yake cire silifas ɗinsa a bakin ƙofa, ya ce tafin ƙafa ya fi ido sanin inda yashi ya ɓuya. Masu gadi suna yi masa dariya, suna cewa ya fi lallaɓa daɓen nan fiye da matarsa. Ita ma matar haka take faɗa. Gidansu daɓen siminti ne, ya tsage a wurare biyu, kuma a iya saninta bai taɓa ɗaukar tsintsiya a cikinsa ba.

"Malam, mu ma da da marmara aka yi mu, da mun ga gata," in ji ta, in ta so tsokanarsa.

Shi kuwa sai ya ce ai ita ba ta shan tabo, me za a goge.

Mutum ne mai taurin kai da son a ce ya iya, wannan ba a ɓoye yake ba. An taɓa kawo wani injin goge daɓe mai ƙara kamar babur, ya zagaya shi sau biyu, ya taɓa buroshinsa, ya ce a kai shi wurin ajiye motoci, can ne ya dace da shi. An taɓa kawo man ƙyalli a ce ya shafa, ya ce dutse ba takalmi ba ne. Manajoji biyar suka zo suka tafi, kowa ya gwada shi sau ɗaya ya ƙyale, don in baƙi suka shigo daɓen suke fara yabawa. A duk tsawon shekarun nan bai taɓa tambayar wani ko aikinsa ya yi kyau ba. Shi yake dubawa, shi yake yanke hukunci.

Sai ido ya fara ba shi matsala. Da farko kamar hayaƙi ne a gefen hagu, ya ce gajiya ce. Cikin shekara biyu yanar ido ta rufe na hagu ta kama na dama. Fitilun falon suka koma dunƙulen haske, fuskokin mutane suka koma inuwa mai motsi. Matarsa ta gane ranar da ya tsiyaya shayi a gefen kofi, ya ci gaba da tsiyayawa. Ta yi magana, 'ya'yansa mata uku suka yi magana a kan ya je asibiti, ya ce ba inda za shi. Yayansa an taɓa yi masa aikin ido bai dace ba, wannan shi ne dalilin da yake ba su. Dalilin da bai faɗa ba shi ne, ya san ranar da ofis suka ji ba ya gani, ranar za su karɓe daɓen su ba wani. Wannan yake tsoro, fiye da wuƙar likita.

Ya kuwa iya ɓoyewa. Falon a kansa yake, taku goma sha takwas daga ƙofa zuwa teburin karɓar baƙi, taku tara daga nan zuwa lifta. Mutane da takunsu yake gane su, ya gaishe da kowa da sunansa kafin su buɗe baki. Kayan aiki da hannu yake tantance su. Sabulunsa a wata gajeriyar jarka yake zuwa, mai mariƙi a gefe. Ruwan wanke ban-ɗaki, mai asid, a doguwar roba mai lanƙwasasshen wuya. Ko a mafarki ba zai haɗa su ba.

Ruwan wanke ban-ɗakin na Maman Tagwaye ne. Ita ke kula da ban-ɗakunan hawa uku na ƙasa, shekararta tara a ginin, mace ce gajera mai ƙarancin magana, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Ɗakin ajiya ɗaya suke amfani da shi ita da Baba. Gaisuwa ce kawai tsakaninsu, sai in ta wuce da bokitinta ya ce mata a hankali, ta ce ta ji.

Makonni kaɗan kafin abin ya faru, sabon manaja ya sauya kamfanin da ke kawo musu kaya. Komai ya dawo cikin farar jarka iri ɗaya, sabulu da asid da maganin ƙwari, bambancin kawai rubutun da ke jiki, wani kore wani ja. Baba ya shafa su ya ji duk jirgi ɗaya, amma bai gaya wa kowa ba. Ya shinshina ya gano tasa, ya ɗaura mata zare a mariƙi. Haka ya yi mako uku lafiya. Ranar wata Talata da yamma mai sito ya ga jarkar mai zare ta kusa ƙarewa, ya jefar da ita, ya jera sababbi a kan kanta yadda ya ga dama. A makon kuma Baba mura yake yi, hancinsa a toshe.

Da safiyar Laraba ƙafarsa ta taka wani abu mai danƙo a bakin lifta, wani ya zubar da lemon kwalba jiya ya bushe. Ya je ɗakin ajiya ya lalubi zare bai ji ba. Nan ne ya kamata ya tsaya ya jira wani ya zo ya karanta masa. Amma jiran yana nufin tambaya, tambayar kuma tana nufin a ce me ya sa bai karanta da kansa ba. Ya ɗauki jarkar da ke inda tasa ta saba zama, ya haɗa da kauri a ƙaramin kwano don danƙon ya saki, ya shimfiɗa a wurin, ya tafi ɗebo ruwan ɗauraya.

Kunnensa ne ya fara gaya masa. Yana dawowa ya ji wani siririn sauti daga ƙasa, kamar an watsa ruwa a kasko mai zafi can nesa. Ya saki bokitin, ya kwarara ruwan gaba ɗaya, ya koma ya ɗebo wani, ya sake kwararawa. Ya tsane, ya goge, sannan ya ɗora tafin ƙafarsa. Inda jiya yake santsi kamar gilashi, yau ya yi kaushi kamar bangon da ba a yi wa fenti ba. Ya durƙusa ya bi da hannu yana ƙirgawa. Tayil shida.

Ya mayar da jarkar, ya wanke kwanon, ya ci gaba da aikinsa daga inda ya tsaya.

Ƙarfe takwas manaja ya shigo ya ga farin tabo shimfiɗe a bakin lifta, dusu-dusu a tsakiyar ƙyalli. Ba a ɗauki lokaci ba wajen bincike. Asid ne, kowa ya gani. Mutum ɗaya ke amfani da asid a hawan ƙasa, kuma hanyarta daga ɗakin ajiya zuwa ban-ɗaki ta bakin liftan take bi. Ba wanda ya ko kalli Baba, don a ce shi ya zuba wa marmara asid daidai yake da a ce likita ya manta inda zuciya take. Manaja ma har haƙuri ya ba shi.

Aka kira Maman Tagwaye. Ta ce ba ita ba ce. Aka ce to wa? Ta yi shiru. Baba yana tsaye taku huɗu daga wurin, riƙe da mofa, yana jin numfashinta. Manaja ya ce ta tafi gida, ranar Litinin za a sanar da ita matsayinta, kuma kowa ya san abin da wannan ke nufi. Ta kwance atamfar da take ɗaurawa a kan rigar aiki, ta ninke, ta wuce ta gabansa ta fita.

Ba wani suna da za a ba abin da ya yi a kwana ukun nan sai tsoro. Ya zo aiki Alhamis, ya zo Juma'a, ya share, ya wanke, ya tsane, yana zagaye tayil shidan nan kamar rami. Ya riƙa gaya wa kansa cewa ita yarinya ce a kansa, za ta samu wani aikin, ban-ɗaki ai ko'ina akwai shi. A gida ya daina cin abinci sosai. Matarsa ta zuba masa ido, daren Juma'a bai wuce ba sai da ta tambaye shi, ya faɗa mata a guntule, fuskarsa a bango.

"Yara nawa ka ce tana da su?" ta tambaya.

"Huɗu."

Ta kwashe kwanuka ta fita. Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi.

Ranar Asabar rabin yini ake yi. Ya gama aikinsa tsaf, ya sa silifas, ya hau hawa na biyu ya ƙwanƙwasa ofishin manaja. Manajan matashi ne, wata takwas da zuwansa, mai saurin magana da saurin yanke hukunci, amma ba mugu ba ne.

"Yallaɓai, maganar tabon nan ce. Ni na yi."

Manaja ya yi murmushi, Baba ya ji shi a muryarsa. "Baba, na san kana tausayinta. Ni ma ina tausayinta. Amma kada ka ɗauki laifin da ba naka ba."

"Ba tausayi ba ne. Jarka na ɗauka ba tawa ba."

"Kai? A rubuce fa yake a jiki da jan rubutu, ƙato."

"Ban ga rubutun ba."

"To ai ka ji, ko yaro..."

"Yallaɓai," Baba ya katse shi, abin da bai taɓa yi wa wani manaja ba. "Wata takwas kana ginin nan, ban san kamannin fuskarka ba. Da takunka nake gane ka, kana jan ƙafar dama kaɗan. Yanzu haka da nake kallonka, inuwa nake gani a gaban taga. Shekara biyu ke nan."

Baba ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro, ya kuma ji wani sauƙi a ƙirjinsa, ya rasa wanne ya fi yawa.

Hukuncin bai zo da mamaki ba. Maman Tagwaye ta dawo aiki ranar Litinin. Baba zai ajiye aiki a ƙarshen wata, da takardar yabo da duk abin da ya kamata, kuma manaja da kansa ya yi wa babbar 'yarsa waya ya ce a kai shi asibiti. Aka ce za a kira masu inji su zo su kankare tabon. Nan Baba ya roƙi alfarma ɗaya. Ya ce inji zai ci tayil ɗin da ke kewaye, ya bar kwari a wurin. A ba shi kwana goma sha tara da suka rage masa, zai gyara da hannu.

Aikin ba ya bukatar ido sosai, shi ya sa ya nema. Samfefa ce ta ruwa, wato takardar yashi ta murza dutse, daga mai ɗan kaushi zuwa mai laushi, hawa biyar. Mai sito, wanda tun ranar Asabar yake sunkuyar da kai in sun haɗu, shi ya yanka masa kusurwar kowace takarda, ɗaya zuwa biyar, don ya gane su da yatsa. Aka kewaye wurin da igiya. Baba ya ninke buhu ya durƙusa a kai, yana yayyafa ruwa yana murzawa a zagaye, tayil ɗaya kwana uku. Gwiwoyinsa suka kumbura. Lauyoyi suna wucewa suna yi masa sannu, wasu suna rage murya kamar sun shigo gidan rasuwa, wannan kuwa ya fi komai ba shi haushi.

Maman Tagwaye kullum sai ta wuce ta gefen igiyar da bokitinta. Ba ta gaishe shi, shi ma ya kasa ce mata a hankali. Sai a kwana na goma sha bakwai, da rana, falon ba kowa, ya ji takunta ya tsaya a kansa.

"Maman Tagwaye," ya ce, bai ɗago ba, "na cuce ki. Ki yafe min."

"Na yafe, Baba. Amma sai da na ƙirga. Kwana uku ka yi."

"Kin san ni ne?"

"Tun da na ga wurin na sani."

"To me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa musu me? In ce ba ka gani? Ba ni ce zan faɗi wannan ba." Ta ajiye bokitin. "Tun bara na sani. Tabon shayi ba ya da kaushi, Baba, ƙafa ba ta jin sa. Tawada ma haka. Wa kake tsammani yake bin bayanka da tsumma kafin ƙarfe takwas?"

Hannunsa ya tsaya a kan samfefar. Ya yi zaton ranar Asabar ɗin nan ya gama jin duk kunyar da zai ji. Ashe shekara guda cur daɓen da ake yaba masa na mutum biyu ne, kuma ta biyun ita ce ya tsaya yana ji aka kora. Ya so ya yi fushi, ya nemi inda zai ɗora fushin ya rasa.

"Kullum?" ya tambaya.

"Ban da ranar da yaro ba shi da lafiya."

Ya ɗauki tsumma ya tsane tayil na shida, ya shafa garin ƙyalli, ya murza har hannunsa ya yi zafi, ya bi duka shidan da tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan. A hannunsa santsinsu ɗaya da na sauran falon, ba inda ya ji gaɓa. Da a da ne da ya miƙe ya kwance igiya. Ita kuwa tana nan tsaye, bai ji ta ɗauki bokitinta ba.

"Ki duba min," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ana gani?"

Ta taka zuwa bakin ƙofar gilashi inda haske ke shigowa, ta sunkuya, ta dawo ta wancan gefen ta sake dubawa. Ba ta yi sauri ba.

"Biyar sun yi. Na kusa da bango ana gani, in mutum ya shigo daga ƙofa. Kamar faɗin tafin hannu."

"Ta ina?"

Ta tsallaka igiyar ta durƙusa kusa da shi, ta kama wuyan hannunsa ta ɗora yatsunsa a wurin. Ya shafa, bai ji komai ba, santsi ne kawai.

"Nan?"

"Nan. Matsa hagu kaɗan."

Ya laluba cikin takardun ya zaro mai yanka huɗu, ya yayyafa ruwa.

"Kada ki tafi tukuna," ya ce. "In ya ɓace ki gaya min."